Bandejin da Ya Zaɓi Mota

Duk wanda ya san Unguwar Gano ya san Hajiya Basira, in bai san ta da suna ba to jikinsa ya san allurarta. Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a asibitin koyarwa kafin ta yi ritaya, ritayar ma ta takarda ce kawai, don har yau in hawan jinin mutum ya motsa gidanta ake fara nufa. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun gaji da ita tuntuni, bakinta kuwa ko alamar gajiya babu. Ranar da ta aika aka kira mata kwamitin masallaci ta ce ta sayar da filinta na Ƙauyen Alu, za ta sai wa unguwa sabuwar a-kori-kura ta ɗaukar gawa, sadaka ga marigayi mijinta, kowa ya yi kabbara ya sa mata albarka. Dalilin da ya sa sai a-kori-kura, kuma sai sabuwa, ba wanda ya tambaya, ita ma ba ta faɗa ba.

Ga dalilin. Shekara huɗu da suka wuce, mijinta Malam Abdurrahman ya cika a asibiti da hantsin wata Talata. Malam dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya suke shiga ƙofar shago. Motar ɗaukar gawa ta riga ta fita da wani mamacin zuwa wani gari, 'yan'uwa kuma suna so a yi masa sutura a kai shi bayan azahar. Sai aka tsayar da wata tsohuwar a-kori-kura a bakin titi, irin ƙananan nan masu dakon siminti da buhunan gawayi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kwantar da Malam, aka lulluɓe shi da zane. Aka zo ɗaga marfin baya a rufe, ya ƙi. Malam ya fi bodin motar tsawo. Dole aka bar marfin a sauke, ƙafafunsa a kai, aka zaga igiya aka ɗaure shi kamar yadda ake ɗaure kaya.

Gaban motar mutum biyu yake ci, direba da wani. Hajiya ta ɗaga ƙafa za ta shiga, ƙofar matsattsiya, matakin can sama, gwiwa ta ce ba da ita ba. Wan Malam ya shige, ita kuma aka tsayar mata da adaidaita sahu ta biyo su a baya. Allah sarki, gara da an bar ta ta tafi a ƙasa ta wata hanyar. A cunkoson Gyadi-Gyadi iska ta yaye zanen, sai ga dugadugan Malam a waje, da kaushin nan da take shafa wa man kaɗanya kullum. Masu talla suna leƙe, wani a cikin mota yana nuna wa matarsa da baki. Ita kuma tana zaune taku biyar a bayansa, ba halin ta miƙa hannu ta rufe. Direban ne, wani baƙon ƙauye mai suna Magaji, ya hango ta madubi. Ya ja burki a tsakiyar titi, ana ta danna masa hon ana zaginsa, ya tuɓe rigarsa ya naɗe ƙafafun, ya koma ya ja mota daga shi sai singileti.

Da aka isa gida maza suka kawo kara suka auna Malam don a kai wa masu haƙa kabari, sai ta ce a miƙo mata karan ta bayan labule. Ta zaro bandeji daga jakar aikinta, ta gwada shi da karan, ta ƙulla a daidai tsawon. A lokacin ita kanta ba ta san me za ta yi da shi ba. Ta naɗe shi ta jefa a jaka, ya zauna a nan shekara huɗu tare da na'urar awon jini.

To, wannan ce motar da take so: wadda mamaci zai shige cikinta duka, a rufe marfi, matarsa ko uwarsa kuma ta iya hawa gaba ta zauna ba ta kallon komai sai hanya.

Shugaban kwamiti, Alhaji Ashiru mai kayan gini a Tarauni, mutum ne mai zafin nama a aikin alheri, wannan ba a ƙwace masa ba. Washegari ya kwashi liman da dattawa uku suka tafi wurin wani dillalin motoci a titin Zariya. Da yamma suka dawo bakin kowa har kunne. Wai bana kamfanin ya sake wa motar fasali gaba ɗaya: ƙofa huɗu, kujeru layi biyu, sanyin na'ura kamar ɗakin gwamna. Su biyar suka shiga da manyan rigunansu ba wanda ya taka wa wani aljihu. Liman ya zauna tsaf, rawaninsa bai taɓa rufi ba. Sun gwada ta gaba sun gwada ta baya, har sun tsara wa zai zauna ina ranar jana'iza.

Hajiya ta saurara daga bakin ƙofar zaure har suka gama, sannan ta ce, "Alhaji, bodin fa?"

"Bodi babba ne, Hajiya."

"Babba nawa?"

Alhaji Ashiru ya kalli liman, liman ya kalli carbinsa. Ka ji fa! Dattawa biyar, kowanne ya raka gawa ta fi ɗari a rayuwarsa, sun je sayen motar gawa, sun auna duk wanda zai zauna, ba wanda ya tuna da wanda zai kwanta. Ba mugunta ba ce. Mai rai ne ya je kasuwa, ya gwada abu da jikinsa ya ji daɗi. Hajiya ta ce kada a ce an saya tukuna, gobe da safe za ta je ta gani da idonta.

Ta je ɗin kuwa, ita da Alhaji Ashiru da Magaji. Tun da ta fara wannan niyya ta sa aka nemo mata Magaji a tashar masu a-kori-kura ta Gyadi-Gyadi, ta ce shi zai riƙa tuƙa motar, ba kuma shawara take nema ba. Wata budurwa mai suna Mufida ce ta tarbe su, ita ke nuna wa masu saye motoci, takarda a hannu, lissafin kowace mota a kanta kamar karatun sallah.

Gaskiya a faɗe ta, motar ta haɗu. Launin toka ce mai sheƙi, tsaye a kan tayoyinta kamar ingarma. Magaji, da ya shekara goma sha biyar yana tuƙa gwangwani, ya zaga ta sau biyu hannayensa a baya, tsoron taɓa ta yake. Mufida ta buɗe ƙofa ta ce, "Mama, duba nan. An ƙara wa ƙofar faɗi da kusan yatsa huɗu a kan ta bara, an ɗaga samanta, kuma tana wangalewa sosai, ba ta tsayawa rabi. Matakin an sauke shi ƙasa. Ga mariƙi nan a jikin ginshiƙi, kama ki gani."

Hajiya ta kama mariƙin da shirin shan wahala, ta ce bismillahi, ta taka. Sai ga ta zaune. Ba wanda ya tura ta, ba wanda ya ja ta, gwiwar ko ƙorafi ba ta yi ba. Ta sauko ta sake hawa don ta tabbatar ba dace aka yi ba. "Kai, Allah ya yi wa wanda ya zana ƙofar nan albarka," in ji ta. "Wallahi yana da uwa mai ciwon gwiwa." Ta miƙe ƙafafunta, ta shafa kujera, ta waiwaya ta ga wurin mutum uku a baya, sanyi yana busa ta. Ta ji motar ta shiga ranta sosai, har ta fara cewa a zuciyarta ko dai Alhaji ne da gaskiya.

Alhaji Ashiru ya ga alama, ya gyara hula ya ce, "To Hajiya, na faɗa miki."

Ta sauko ta zaga baya. Ta buɗe jaka ta zaro tsohon bandejin, ya yi ruwan ƙasa don daɗewa. Ta ba Magaji ɗaya bakin ta ce ya hau ya dafe shi a can ƙuryar bodi. Ita kuma ta riƙa warwarewa tana ja da baya. Bandeji ya zo bakin marfi bai ƙare ba. Ya wuce marfin, ya ci gaba, sai da ya yi kusan kamu guda a iska sannan ƙullin ya bayyana tsakanin yatsunta.

"'Yar nan, bodin nan nawa ne?"

"Mita ɗaya da rabi, Mama."

"Ta bara ma haka take?"

"Ta bara ta ɗan fi. Kin ga, tsawon motar daga hanci zuwa wutsiya bai canja ba. Abin da aka ƙara wa wurin zama, daga bodi aka yanko shi." Mufida yarinya ce mai gaskiya, ba ta iya ɓoye lamba ba. Ta ƙara da cewa, "Nauyin da take ɗauka kilo ɗari takwas ne, kuma da mutanen da ke ciki ake lissafawa, ba kayan baya kaɗai ba."

Hajiya ta juya ta kalli Alhaji Ashiru daga hula har takalmi. "Alhaji, ni nake auna ku duk wata. Kai kaɗai ɗari da goma ne, in ka yi azumi. Ku huɗu da direba kun cinye fiye da rabi. Ga makara, ga mamaci, ga samari takwas da za su ɗare baya, don ka san sai sun ɗare. Motar Allah ce ko jaki ne?"

Magaji ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alhaji bai ji daɗi ba, amma yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Ya ce liman ya tsufa, dattawa da yawa ba sa iya takawa zuwa maƙabarta a ranar nan ta Kano, su ma haƙƙi ne a duba su. Sannan ya kaɗa hannu wajen bandejin ya ce, "Wannan kuwa ai abu ne mai sauƙi. A sauke marfi, makara ta hau kai, a zaga igiya a ɗaure. Kowa haka yake yi."

Hajiya Basira, wadda likitoci suke kauce wa bakinta, ta juya baya ta hau naɗe bandejin. Magaji ne ya diro daga bodi ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ranar da aka kawo Malam gida, kai ka kama wajen kansa kuka shigar da shi zaure. Ka tuna akwai wata shuɗiyar riga a naɗe a ƙafarsa?"

Alhaji ya gyaɗa kai. "Na tuna. Na ɗauka ta asibiti ce."

"Tawa ce. Marfi a sauke muka taho, da igiya, yadda ka ce ɗin nan. Hajiya tana bayanmu a adaidaita tun daga bakin asibiti." Ya nuna bandejin. "Ina jin wannan tsawon Malam ne."

Sai a lokacin Hajiya ta juyo. Ta ce, "Shekara arba'in ina tare da bawan Allahn nan, Alhaji, ko hularsa bai taɓa fita babu ba. Rannan duk mai tallan ruwa a Gyadi-Gyadi sai da ya ga dugadugansa. Har yau in na rufe ido su nake gani, ba fuskarsa ba. Ba na so wata ta sake gani. Iyakar abin da na sayar da filina a kai ke nan."

Mufida ta sa gefen mayafi tana goge ido. A nan ne Alhaji Ashiru ya nuna shi ɗan halak ne. Wani da sai ya tsaya kare girmansa, ya ce an kunyata shi gaban yarinya da direba. Shi kuwa sai ya cire hula ya share gumi ya mayar, ya ce, "Astagfirullah. Hajiya, ki yafe mini, ban sani ba." Ya juya wajen Mufida. "'Yata, akwai wadda wannan awon zai shiga?"

Akwai. Tana can ƙarshen fili bayan manyan, fara fat, ƙofa biyu, ba wanda yake ɗaukar hoto a jikinta. Ita ma sabon fasalin ce: ƙofar nan mai faɗi, matakin nan na ƙasa, mariƙin nan. An faɗaɗa gabanta har yana cin mutum uku a jere ba matsi. Bodinta mita biyu da santimita talatin, tana ɗaukar tan guda da kilo ɗari biyu. Hajiya ta fara gwada ƙofar, ta hau ta sauka lafiya lau. Da aka zo awo, Alhaji Ashiru ya ce Magaji ya tsaya. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya hau bodin da kansa yana nishi, ya durƙusa a ƙurya ya dafe bakin bandejin. Hajiya ta warware. Ƙullin ya kwanta a kan ƙarfe, saura kusan kamu kafin bakin marfi, wurin da hannayen makara za su zauna. Magaji ya ɗaga marfin ya tura, ya ce ƙaras, ya kulle.

"Sake," in ji Hajiya.

Ya buɗe ya sake rufewa. Sau uku ta sa shi.

Alhaji yana zaune a bodi ya yanke hukunci daga can. Daga asibiti zuwa gida, gaba na mata ne, matar mamaci da wadda za ta riƙe ta. Daga gida zuwa maƙabarta, tunda mata ba sa zuwa, liman da wanda ya fi kowa tsufa su shiga. "Sauranmu 'yan bodi ne," ya ce. "A kai ta wurin mai walda ya yi benci gefe da gefe, ya ɗora rumfa. Ga shi na hau ban mutu ba."

Kwana tara da kawo motar, da hantsi, wata tsohuwar abokiyar aikin Hajiya ta kira ta daga asibiti. Wani lebura ne mai suna Ɗan'azumi ya cika, baƙo ne, bai fi shekara da zuwa Kano ba, yana haya a Babban Giji. Ba shi da kowa sai matarsa Sa'adatu da wata gwaggonta da ta zo jinya. Ba ɗan Unguwar Gano ba ne, amma Hajiya tun farko ta ce motar ba ta tambayar unguwa. Ta kira Magaji ta shiga gaba suka tafi.

Da aka fito da mamacin sai Hajiya ta auna shi da ido. Dogo ne sosai, zanen da aka lulluɓe shi da shi da kyar ya kai. Abokan aikinsa huɗu, da ƙurar siminti a gashinsu, suka ɗora shi a makara suka tura ciki. Ya shige duka. Suka hau suka zauna a benci, Magaji ya ɗaga marfi ya rufe.

Sa'adatu yarinya ce ƙarama da tsohon ciki, ta yi kuka har ba ta gani sosai. Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon tsayin motar. Hajiya ta kama hannunta ta ɗora a kan mariƙin ta ce, "Kama nan, 'yata. Taka nan. Yawwa." Ta shige da cikinta ba ta bugu da komai ba. Gwaggon ta ja baya ta ce Hajiya ta shiga, ai motarta ce.

"Shiga ki riƙe 'yarki," in ji Hajiya. "Ni ina da abin hawa."

Ta rufe musu ƙofa, ta tsayar da adaidaita sahu, ta ce wa mai shi ya bi farar motar can, kada ya wuce ta, kada kuma ya bari wani ya shiga tsakaninsu. Magaji ya hango ta ta madubi, ya gane, ya ja mota.

Hanyar dai ita ce, cunkoson ma yana nan inda ta bar shi. A Gyadi-Gyadi suka tsaya cak, taku biyar tsakaninta da motar. Iska ta taso ta kaɗa rumfar. Masu talla suka bi ta gefen farar motar da ruwa da goro, suka wuce, ba wanda ya leƙa. Wani a cikin mota yana ta faɗa a waya, ko juyowa bai yi ba. Hajiya ta zuba ido tana neman abin gani, babu komai sai farin marfi a kulle da kawunan maza huɗu a sunkuye.

Ta buɗe jaka ta zaro bandejin. Ƙullin ya ƙanƙame don shekaru, farce ya kasa, sai da ta sa haƙori. Da ya warware sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta samu ta yi ba a wancan adaidaitan, kuka mai sauti, ba ta damu da wa zai ji ba.

Mai adaidaita ya waiwayo a tsorace. "Hajiya, ɗan'uwanki ne?"

"Ban ma san shi ba," ta ce. Ta share fuska da bandejin, ta dubi marfin, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ta saba yi masa in ya yi barci a zaure ya bar ƙofa a buɗe. "Malam, ga shi an rufe."

Hanya ta buɗe, Magaji ya ja a hankali, suka bi shi.